Kaset ɗin Marigayi: Yadda Ake Haɗa Albam Daga Abin da Makaɗin Jita Ya Bari

Jimi Hendrix ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970, yana da shekara 27. Albam uku ya kammala a sutudiyo da ransa, sai na huɗu wanda aka ɗauka a wajen wasa a New York. Waɗanda aka fitar da sunansa bayan an binne shi kuwa sun ninka waɗannan sau da yawa, har a 2018 an ƙara fitar da wani. A cikinsu akwai na kirki, akwai kuma waɗanda da mai jitar zai tashi ya saurara, sai ya tambaya su waye waɗannan da ke kiɗa a bayansa. Duk wanda mamaci ya bar wa kwalin kaset, yake kuma tunanin fitar da abin da ke ciki ga jama'a, ya kamata ya san labarin nan tukuna, don da wuya ya yi wata ɓarna da ba a riga an yi irinta a kan kayan Hendrix ba.

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya ce a unguwar Nima, cikin Accra, daga baya na haɗa da juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Mafi yawan abin da ake kawo mini tafsirin azumi ne, da wa'azi, da shagalin biki, da saƙon murya da wani ya aiko wa iyalinsa daga Jidda ko Libiya tun ba a san wayar hannu ba. Amma jefi-jefi sai ka sa kaset ka ji jita tana kuka. Ba abin mamaki ba ne. Accra ta yi zamanin rok a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin su Psychedelic Aliens, kuma bayan Santana ya hau dandamali a filin Black Star ranar 6 ga Maris 1971, a wasan Soul to Soul, samari da yawa sun kamu. Har da 'yan zango, masu ɓoye jita a ɗakin aboki kada Baba ya gani. Yau su ne tsofaffin sahun farko a masallaci, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya, kayansu na ƙarƙashin gado a Maamobi da Sabon Zango da Madina.

A fara da iyali

Wanda ya kawo kaset ba lallai shi ne mai shi ba. Da wannan tambayar nake farawa, kuma ita ce ba a son ji. Hendrix bai bar wasiyya ba, dukiyarsa ta koma ga mahaifinsa, Al Hendrix, amma shekara da shekaru wasu ne ke juya waƙoƙin. Sai a 1995 tsohon ya karɓo su bayan shari'a, iyalin suka kafa kamfanin Experience Hendrix. Shekara 25 ke nan. Kai da ba ka da kuɗin lauyan Amurka, ka kashe maganar tun a tsakar gida.

A dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, wato Act 690 ta 2005, waƙa ta mai ita ce tsawon ransa, sannan ta magadansa ce shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan tana cikin gado. Idan an riga an raba gado a gaban malam, a koma masa a ce akwai abin da ba a lissafa ba. Idan kuma akwai alamar kuɗi za su shigo, a nemi lauya ya duba batun takardar izinin kula da gado daga kotu, musamman in babu wasiyya, don a nan dokar gado ta 1985, PNDCL 111, take shigowa. Kamfanonin da ke biyan kuɗin waƙa takarda suke tambaya, ba su san "ai ni ne babban ɗa" ba. Sai kuma abokan kiɗan marigayin: mai ganga, mai bas, mai waƙa. Hannunsu na cikin zaren nan, su ma ko 'ya'yansu suna da ta cewa.

Akwai kuma abin da babu dokar da ta rubuta shi. Wani yaro daga Sabon Zango ya taɓa kawo mini jakar kaset na kawunsa, yana ɗokin a sa a YouTube kafin sadakar arba'in. Na ce mu je mu gai da babbar yayar marigayin tukuna. Muka same ta a zaune kan tabarma tana tsince wake a tire. Bayan gaisuwa da ta'aziyya yaron ya kawo maganar. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Kai ɗan nan, kawunka ya ajiye jita tun kafin ya sauke farali. Mutum ya bar abu, ku kuma ku tashe shi yana kiɗa?"

Na ce, "Hajiya, babu abin da zai fita sai da izininki. Abin da nake roƙo kawai a bar ni in juye, don zaren yana lalacewa. In an juye ki saurara, wanda kika ce a rufe, an rufe."

Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "Malam, ka juye ɗin. Amma waƙar 'yan mata ba za ta bar gidan nan ba."

Haka aka yi. Kiɗan da babu murya ya fita, sauran yana cikin akwatinta. Izini biyu ne, kada ka haɗa su a zama ɗaya: izinin juyewa daban, izinin fitarwa daban. Na farko ba ya jira, na biyu kuwa ko shekara zai ɗauka babu asara.

Kada a sa shi a rediyon gida "don a ɗan ji"

A nan ake yawan kashe kaset. Tsohuwar rediyo mai busasshiyar roba za ta naɗe zaren a ƙarfenta, ka jawo shi a tamuƙe, kuma inda ya tamuƙe sautin ya tafi ke nan.

Kafin komai, ka ɗauki hoton kowane kaset gaba da baya, da takardar da ke cikin gidansa, ko da gwanjon rubutu ne da biro. Ka ba kowanne lamba, ka rubuta ta a jikinsa da jikin gidansa, kada ka ɓare tsohuwar takarda. Sannan ka duba samansa, akwai 'yan ramuka biyu masu murfin roba a kusurwa, ka karya murfin. Idan an karya, maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, yaro ba zai shafe kiɗan 1974 da muryarsa ba.

Ka leƙa ta tagar kaset ɗin a cikin haske. Farin ɗigo-ɗigo a gefen naɗin zaren funfuna ce, kuma danshin teku na garin nan yana kiwonta sosai. Irin waɗannan ka ware su a leda daban, kada su shafi sauran. Kada ka hura da baki, ka rufe hancinka. Ka sa su a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, su bushe, sannan ka riƙa juya zaren da biro a hankali kana shafa shi da ƙyalle mai laushi marar gashi. Ba a shanya kaset a rana, ba a kuma ɗora shi a kan lasifika, don maganaɗisun cikinta yana cin sauti.

Juya kaset ɗin ka dubi buɗaɗɗen bakinsa. A tsakiya, a bayan zaren, akwai ɗan ƙaramin matashi mai laushi a manne kan siririn ƙarfe, shi ke danna zaren ya kwanta a kan na'ura. Gamsa yakan bushe ya faɗi, in babu shi kuwa sautin zai riƙa zuwa yana komawa. Maganinsa ka sami wani kaset marar amfani, irin mai kusoshi biyar, ka kwance shi a kan tire mai tsabta, ka ɗauki hoton yadda zaren ya bi ta 'yan tayoyin kusurwa, ka cire nasa naɗin, ka ɗauko na marigayin biyun tare ka zaunar a ciki. Hannu a bushe, fanka a kashe. Idan zare ya tsinke, akwai abin liƙi na musamman da ake yi don shi, a bayan zaren ake sa shi, wato gefen da ke kallon ciki. Salatif na shago kada ya kusanci wajen, gamsa yana tsattsafowa ya manne naɗin da ke kusa. Kaset mai alamar C-120 ya fi kowanne siririn zare, da shi ake fi taka-tsantsan.

Idan abin da aka bari babban faifan zare ne irin na sutudiyo, ba ƙaramin kaset ba, to ka dakata. Wasu da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980 sukan sha danshi su yi danƙo, su riƙa ƙara suna barin baƙin datti a na'ura. Ƙwararru na gasa su a zafin da bai wuce digiri 55 ba na sa'o'i kafin a juye, a na'ura mai riƙe zafi daidai. Akwai kuma tsohon iri mai warin tsami wanda zafi ke hallaka shi gaba ɗaya. Wannan ba aikin murhun gida ba ne. Ka je Legon, ka nemi shawara a ma'ajiyar J. H. Kwabena Nketia da ke Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana, irin aikinsu ke nan.

Juyewa

Na'urar da za ta karanta kaset ita ce rabin aikin. Ka nemi tsohon dek na Japan, irin su Technics, Sony, Tascam, ko Nakamichi in ka yi sa'a. Ana samunsu a wajen masu kayan gwanjo, bel ɗinsu kuma a Zongo Lane. 'Yan ƙananan robobin nan masu USB da ake tallarsu a Circle, waɗanda ake cewa suna mai da kaset MP3 kai tsaye, ka bar su inda ka gan su: gudunsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, jita mai dogon kuka sai ta riƙa rawar murya. Ka sa sabon bel, ka goge kan dek ɗin da tayar roba da sifirit mai tsabta a kan auduga, ka maimaita gogewar bayan kowane kaset.

Daga dek waya ta shiga akwatin sauti na USB, daga nan kwamfuta. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ka ɗauka a WAV, 24 bit, 96 kHz, yadda ma'ajiyoyi ke yi, kada dai ka sauka ƙasa da 48. Kaset C-90 ɗaya zai ci kusan giga 3, ka tanadi wuri. Ka saita ƙarfin shigar sauti yadda inda ya fi ƙara ba zai taɓa sifili ba, ka bar masa tazara, wajen dB 6 a ƙasa a ma'aunin manhajar. Sautin da ya fashe a kwamfuta ba ya gyaruwa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A gefen kan dek ɗin akwai wata 'yar kusa mai sifirin, ita ke karkata kan. Na'urar da marigayin ya ɗauki kiɗan da ita tana da tata karkatar, taka tana da tata, in ba su dace ba sai sautin ya dushe. Ka cire murfin ƙofar dek ɗin, ka sa abin ji a kunne, ka haɗe hagu da dama su zama ɗaya, ka sa kaset yana tafiya, sannan ka murɗa kusar da ƙaramin sukudireba, kaɗan-kaɗan, hagu, dama. Ka kasa kunne ga farantan ƙarfen mai ganga, ko harafin "s" na mai waƙa. Akwai daidai inda za ka ji kamar an yaye bargo daga kan lasifika. Nan za ka tsaya. Kowane kaset da nasa, wani lokaci kowane gefe da nasa.

Idan an rubuta Dolby a jikin kaset, wato tsarin rage shuuu, ka kunna maɓallin Dolby na dek ɗin. Idan ba a rubuta ba kuma kunnenka bai raba maka gardama ba, ka juye sau biyu, a kunne da a kashe, ka ajiye duka. Kwamfutar ta kasance a kan batirinta, dek a kan UPS, saboda dumso, wato ɗaukewar wuta, ba ya sallama. Ba a juyewa da janareta. Wayar hannu ta yi nesa da wayoyin, in ba haka ba ƙarar shigowar kira za ta zauna a tsakiyar waƙa. Ka ɗauki gefe guda daga farko har ƙarshe ba tare da tsayarwa ba, har da tari, da gardama, da "a sake daga farko", da kiran sallar da ya shigo ta taga. Waɗannan ne za su gaya maka su waye a ɗakin, kuma wane lokaci ne.

Sai batun gudu. Kaset na tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, amma tsohuwar ƙaramar rikodar da aka ɗauki kiɗan da ita ba ta san wannan ba. Jarabar ita ce ka ji kiɗan ya sauka ƙasa da yadda ake ɗaure jita, ka ce bari in ɗaga shi. Kada ka yi saurin yanke hukunci. Hendrix yakan sassauta tsirkiyar jitarsa rabin mataki, masu koyi da shi da yawa ma haka suke yi, in ka ɗaga sai ka mai da muryar dattijo ta yaro. Ma'auni mafi aminci shi ne gurnanin lantarki. Wutar Ghana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma kusan duk abin da aka ɗauka da amfilifaya yana ɗauke da wannan gurnani a ƙasa-ƙasa. Audacity na iya nuna maka inda ya zauna. In ka gan shi a 52, kaset ɗin ya yi sauri da kashi 4 cikin 100, sai ka rage daidai haka.

Abin da ka juye shi ne uwa. Ka sa shi a jaka guda a kwamfuta, kada ka ƙara taɓa shi, duk gyara a kan kwafi ake yi. Kwafi uku, a gida biyu aƙalla. In za ka tura wa ɗan'uwa a Jamus ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse sautin.

Littafi da biro

Ka sayi littafi mai kauri. Lambar kaset, gefe, minti nawa waƙa ta fara, wa ke buga me, a ina, wace shekara. Ka kai wa tsofaffin abokan marigayin su saurara, amma ɗaya-ɗaya, don in ka tara su mai babbar murya ne zai rubuta tarihin. Ka ɗauki hirar a waya. Inda suka saɓa, ka rubuta duka biyun.

Wannan aikin yana da gajiya, amma ga amfaninsa. A albam ɗin Hendrix na 2010, Valleys of Neptune, akwai kiɗan da aka ɗauka a sutudiyon Olympic na Landan a Fabrairun 1969, kuma cikin sunayen makaɗan akwai Rocky Dzidzornu, ɗan Ghana mai buga konga, wanda ya yi aiki da Rolling Stones ma. Shekara 41 tsakani, sunansa bai ɓata ba, saboda an ajiye bayanin wanda ya buga me. Mai gangar kawunka ma yana da jikoki.

Zaɓe, da jarabar "gyara"

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma labarin Hendrix ya fi amfani.

Lokacin da ya rasu yana tsakiyar haɗa sabon albam a sutudiyonsa, Electric Lady, a New York. Wasu waƙoƙin sun kusa kammala, wasu rabi, wasu gwaji ne kawai. Injiniyansa Eddie Kramer da mai gangarsa Mitch Mitchell suka zaɓi 10 daga waɗanda suka fi nuna, aka fitar a 1971 da sunan The Cry of Love. Mutane ne da suka kwana a sutudiyo tare da shi, ɗan abin da suka ƙarasa sun ƙarasa shi da sanin inda ya dosa. Daga nan aka ci gaba da kwasa: Rainbow Bridge a shekarar, War Heroes a 1972, Loose Ends bayansa, kowanne ya fi na gabansa rama.

A 1975 furodusa Alan Douglas ya ɗauki wata hanya. A Crash Landing da Midnight Lightning ya goge mafi yawan kiɗan abokan Hendrix, ya kawo makaɗan haya waɗanda ba su kasance a ɗaukar farko ba suka buga sabon ganga da bas, har da ƙarin jita da 'yan amshi. Crash Landing ya sayu, ya shiga cikin goman farko a Amurka. Shi ya sa ba na karɓar "ai mutane sun so" a matsayin hujja. Mutane sun sayi sunan da ke bango ne. Da kayan suka dawo hannun iyali, Kramer ya koma kan zaren asali, aka fitar da First Rays of the New Rising Sun a 1997, waƙa 17, ana bin abin da aka sani na nufin Hendrix da jerin sunayen waƙoƙin da ya bari da rubutun hannunsa. Shi ma hasashe ne, don mai shi bai yanke jerin ƙarshe ba, amma hasashe ne da hannun makaɗan da shi da kansa ya zaɓa.

Ga abin da nake bi. Rage shuuu ɗin kaset ya halatta, amma da sauƙi, don manhajar rage ƙara in ka matsa mata sai ta tafi da ƙyallin tsirkiya, kiɗan ya koma na cikin ruwa. Gara a ji ɗan shuuu. Yanke shirun farko da na ƙarshe ya halatta. Daidaita ƙarfin waƙoƙi don kada wata ta firgita mai saurare ya halatta. Haɗa farkon ɗauka ta biyu da ƙarshen ta huɗu, wannan ana yi, shi ma marigayin da zai iya yi, amma sai an rubuta. Goge wanda ya buga a sa wani kuwa, ba na yi, ko da mai gangar yana gudu yana barin kowa a baya. Haka suka buga a ranar.

Ƙari fa? Wani lokaci jita ce kaɗai a kaset, ɗan marigayin kuma makaɗi ne, yana son ya bi mahaifinsa da bas. Ban hana ba, sharaɗi biyu ne: a faɗa a fili, kuma a fitar da na asalin a gefensa. A Valleys of Neptune ɗin nan akwai waƙoƙin da Mitchell da mai bas Noel Redding suka ƙara wa ganga da bas a 1987, shekara 17 bayan rasuwar Hendrix, an kuma rubuta haka a bayanin albam ɗin. Mai saurare ya san abin da yake ji, ko ya so ko ya ƙi, ba a yaudare shi ba.

Yanzu ga manhajojin da ke raba murya da kiɗa. A 2023 sauran 'yan Beatles sun yi amfani da irinsu suka zaro muryar John Lennon daga wani tsohon kaset na gida. Zaro abin da yake nan daban ne da ƙirƙiro abin da babu. Samarin sutudiyo a Newtown za su ce maka na'ura na iya kwaikwayon salon marigayi ta ƙarasa masa baitin da bai ƙarasa ba. Tana iyawa. Sai dai wannan sa wa mamaci magana a baki ne, kuma Act 690 ma ta tanadi cewa haƙƙin mai aiki na a ambaci sunansa, da na kada a jirkita aikinsa yadda zai taɓa mutuncinsa, ba ya ƙarewa da mutuwa.

Kada ka fitar da komai da komai. Makaɗi na ɗaukar kansa ne don ya ji inda ya yi kuskure, ba don duniya ta ji ba. In ya rubuta "kar a ji" ko ya ja layi a kan sunan waƙa, ka bi. In ya jera waƙoƙi a bayan takardar kaset, wannan jerin ya fi naka. Minti 35 masu kyau sun fi awa biyu na ɗaure tsirkiya, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sauran ya zauna a gida, jikoki su ji.

Fitarwa

Ka ware waƙoƙin da ba nasa ba ne. Samarin wancan zamani kan buga na Santana da na Hendrix da na James Brown a wajen rawa, kuma sayar da irin waɗannan sai da lasisi daga masu su. Idan kiɗan gargajiya ne ya ɗauko ya sa wa jita, dokar Ghana ta ce a nemi izinin hukumar al'adun gargajiya, National Folklore Board, kafin a yi kasuwanci da shi. Nasa na kansa, a yi musu rajista a ofishin haƙƙin mallaka a nan Accra, a kuma kai takardun magada ga GHAMRO, wadda ke karɓar kuɗin waƙa daga gidajen rediyo da wuraren taro.

Spotify da Boomplay da sauran irinsu ba hannu da hannu ake ba su waƙa ba, sai ta kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby, su ne kuma za su ba kowace waƙa lambar shaidarta, ISRC. Asusun ya kasance da imel ɗin da mutum biyu a gidan suka san mabuɗinsa, ba na yaron da ya iya kwamfuta shi kaɗai ba. Kuma a gaya wa kowa gaskiya tun wuri: abin da zai shigo ƙila ba zai biya kuɗin bel da sifirit ba. Duk da haka a rubuta rabon, kashi nawa na magada, nawa na abokan kiɗa, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.

A bangon albam, ko a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyo, ka rubuta shekarar rasuwarsa, ka ce an haɗa wannan bayan ransa, ka faɗi wanda ya zaɓa. Ƙarƙashin kowace waƙa: daga wane kaset, wace shekara, su wa suka buga, me aka taɓa. In shekarar kintace ce, ka rubuta "wajen 1976". Hoton bango ya zama wanda iyali suka yarda da shi.

Kaset ɗin asali kuwa ba a zubar da su don an juye. Na'urorin karantawa da na gyara suna ƙara kyau, wata rana wani zai so ya sake juyewa. Ka tsayar da su a cikin gidajensu, a roba mai murfi, a saman kabad, nesa da bangon da ke jiƙewa da kuma ƙasa. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san abin da ruwan Accra ke yi wa kayan ƙarƙashin gado. Sau ɗaya a shekara ka kunna ma'ajiyar kwamfutar ka tabbatar fayilolin na buɗuwa, in ta fara ƙara ka sauya ta. A cikin takardar yarjejeniyar nan kuma a ƙara layi guda: sunan wanda robar kaset ɗin ke hannunsa, da lambar kowane kaset da ke ciki.